Daga Fagge da Sabon Gari zuwa Bakin Teku: Nazari a kan Fitar da Ƙunsasshen Abinci ta Jirgin Ruwa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda 'yan kasuwar Fagge da Sabon Gari a Kano za su fitar da ƙunsasshen abinci, irin su garin kuka da yaji da zoɓo da riɗi da daddawa, zuwa ƙasashen waje ta jirgin ruwa. An bi sawun kayan tun daga sito har tashar da za a sauke su, an kuma nazarci ƙa'idojin Najeriya da na manyan ƙasashen da ake kai wa. Matsayar takardar ita ce, yawancin asarar da ake ɗora wa nisan teku ko tsananin jami'an ƙasashen waje tun a Kano take farawa: a wurin shanya, da ajiya, da ƙunshi, da rubutun jikin mazubi, da cike takardu. Takardar ta nuna cewa ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya ɗaukar waɗannan ɗawainiyoyi shi kaɗai ba, ta kuma kawo shawarar kafa gidan ƙunshi na haɗin gwiwa wanda zai jingina da tashar tsandauri ta Dala.

Fitilun Kalmomi: ƙunsasshen abinci, kwantena, Fagge, Sabon Gari, tashar tsandauri

1.0 Gabatarwa

Tsakanin Kano da tashar jiragen ruwa ta Apapa akwai tafiyar kusan kilomita 1,000, amma duk da haka Kano na sahun gaba a cinikin amfanin gonar da Najeriya ke fitarwa ta teku. Wannan ciniki kashi biyu ne. Akwai babba, wanda manyan kamfanoni ke yi: su sayi riɗi da zoɓo da citta a Dawanau ko Maigatari, su tankaɗe, su zuba a buhu, su cika kwantena. Akwai kuma ƙarami, wanda ake yi da leda da kwali: mai shago a Sabon Gari ko uwargida a Fagge ta ƙulla kuka da kuɓewa da yaji, ta ba matafiyi, ko ta biya kuɗin kago a filin jirgin saman Malam Aminu Kano.

Na farko yana fitar da kaya masu yawa, sai dai ɗanyensu yake fitarwa, ribar sarrafawa da ta ƙunshi kuwa sai a ci ta a wata ƙasa. Na biyu yana fitar da kayan da aka gama sarrafawa, amma kuɗin jirgin sama yakan cinye ribar, yawan kayan kuma bai taka kara ya karya ba. Tsakanin biyun akwai fili: ƙunsasshen abinci mai suna da lamba, wanda zai cika kwantena, ya haye teku, ya hau kantar shago a Jidda ko Landan ba tare da an sake masa mazubi ba. Wannan fili shi ne abin da takardar ta sa a gaba. Hanyar nazarin kuwa ita ce bibiyar dokoki da ƙa'idojin hukumomi, a auna su da yadda harka take gudana a kasuwannin Singa da Sabon Gari da kewayensu.

2.0 Waiwaye

Haɗa kaya don tafiya mai nisa ba baƙon abu ba ne a Fagge. Tun zamanin fataucin Sahara, a nan ayarin Azbinawa da sauran fatake ke sauka a wajen ganuwa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai akalar ciniki ta juya daga arewa zuwa kudu, daga raƙumi zuwa jirgin ƙasa da jirgin ruwa. A 1913 aka yanka Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo dogon daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Gyaɗa ce ta fara cin moriyar wannan sauyi, dalar gyaɗa ta zama tambarin Kano, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna da ita. Cinikin ya durƙushe a shekarun 1970, bayan farin 1972 zuwa 1974 da annobar cutar gyaɗa ta 1975.

Darasin wancan zamani guda ne: gyaɗar Kano ta samu karɓuwa a Turai ne saboda akwai tsarin dubawa da tantance daraja tun kafin a yi lodi. Ma'aikatan duba amfanin gona suna farke buhu, su duba, su ƙi abin da bai kai ba. A yau yankin yana da abin da wancan zamani bai da shi. Kasuwar Singa cibiya ce ta sarin kayan masarufi, Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, wato ta Sabon Gari, tana da kayan miya da masu sayar da leda da kwali da robobi, 'yan canji suna Wapa, masu kiliyarin da suka saba shigo da kwantenar yadi ga Kantin Kwari suna nan kusa. Ƙwarewar shigo da kaya ta yi yawa a Fagge. Ta fitar da su ce ta yi ƙaranci.

3.0 Kayan da Masu Sayensu

Masu sayen wannan abinci rukuni biyu ne. Na farko su ne Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma mazauna Saudiyya da Daular Larabawa da Ingila da Amurka da ƙasashen Turai. Su kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da garin kunu da garin ɗanwake da tsamiya da ƙuli-ƙuli suke nema. Na biyu su ne mutanen waɗancan ƙasashe da kansu, waɗanda suke shan zoɓo a matsayin shayi, suke sayen garin kuka da acca da aya a shagunan abincin gina jiki. Wannan rukuni ya fi biyan kuɗi mai tsoka, ya kuma fi tsananta sharaɗi.

Jirgin ruwa ba kowane kaya yake karɓa ba. Daga ranar da aka ƙulle leda a Kano zuwa ranar da za ta hau kanta a Turai, abu ne mai sauƙi a ci wata biyu ko uku, idan aka haɗa tafiyar mota da jiran tasha da tafiyar teku da binciken can. Don haka busasshen kaya mai jure shekara ɗaya ko fiye shi ya dace da wannan hanya. Kayan da ke da mai a jiki, kamar ƙuli-ƙuli da yajin tsire da tunkuza, sukan canza ɗanɗano in zafi ya daɗe yana dukansu, sai an yi musu mazubin da iska da haske ba sa ratsawa.

Wajibi ne kuma 'yan Singa su san cewa jerin kayan da hukumar kwastan ta hana fitarwa ya ƙunshi masara da duk kayan da aka shigo da su daga waje. Abin da aka noma ko aka sarrafa a gida shi ne abin fitarwa.

4.0 Daga Sito zuwa Jirgi

4.1 Kwantena da Lissafinta

Tun daga 1956, lokacin da Malcom McLean ya fara jigilar kaya cikin manyan akwatunan ƙarfe a Amurka, kwantena ta zama ma'aunin cinikin teku. Mai ƙafa 20 tana da fili kusan CBM 33, mai ƙafa 40 kusan 67. CBM ɗaya shi ne wurin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa kowanne mita ɗaya ne. A aikace ba a cika filin duka, domin kwali ba ya zama cif, kuma dole a bar wa iska wuri a sama. Kaya masu nauyi kamar riɗi sukan cika ƙaramar kwantena da tan 18 zuwa 19. Kaya marasa nauyi kamar zoɓo sukan cinye fili tun nauyi bai kai ko'ina ba, shi ya sa ake zaɓar musu babba.

Mu ɗauki misali. Ɗan kasuwa yana da kwali 200, kowanne santimita 40 da 30 da 25. Jimillar kayansa CBM 6 ke nan, wato bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramar kwantena ba. Zaɓinsa biyu ne. Ko dai ya biya kuɗin kwantena sukutum ya tura ta kusan wayam, ko ya kai kayan Legas a haɗa su da na wasu. A tsarin haɗaka ana cajin kuɗi bisa CBM ko tan, duk wanda ya fi yawa, ga kuɗin lodi da na saukewa a kowane gefe. Haɗarin da ya fi kuɗin girma shi ne bai san da me za a haɗa kayansa ba. Garin kuka da ya kwana mako biyar kusa da sabulu ko turare ya tashi daga abinci. Amma in mutum huɗu ko biyar masu irin wannan kaya suka haɗu tun a Kano, sun cika kwantenar abinci zalla, sun san abin da ke cikinta, su ne kuma suka ga an rufe ta.

4.2 Takardu

Mai fitar da kaya yana farawa da rajistar kamfani, sannan takardar shaida daga hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC. Wannan hukuma tana yi wa ƙungiyoyin gama kai rajista kamar yadda take yi wa kamfanoni, kuma wannan ƙofa ce ga ƙananan 'yan kasuwa. Daga nan sai a buɗe fom ɗin NXP ta hannun banki, a biya harajin duba kaya na kashi 0.5 cikin 100 na darajarsu. Hukumar NAFDAC ke ba da shaidar fitar da abincin da aka sarrafa, bayan gwaji a ɗakunan bincikenta irin na Kaduna da Oshodi. Hukumar NAQS ke ba da shaidar lafiyar tsirrai, wadda ke tabbatar da cewa kayan ba su ɗauke da ƙwari ko cuta. Sai takardar farashi, da jerin abin da ke cikin kowane kwali, da shaidar asalin kaya, da takardar lodi wadda kamfanin jirgi ke bayarwa. Wannan ta ƙarshe ita ce mabuɗin kayan, wanda ya riƙe asalinta shi zai karɓe su a can. Tun daga 1 ga Yulin 2016, dokar teku ta duniya ta wajabta a auna kowace kwantena a bayyana tabbataccen nauyinta kafin a ɗora ta a jirgi. Bayan an sayar, Babban Bankin Najeriya ya ba da kwana 180 a dawo da kuɗin ta asusun banki.

Yawan takardun ba shi ne babbar matsala ba, saɓanin da ke tsakaninsu ne. In takardar farashi ta ce kwali 200, jerin kaya ya ce 198, ko sunan kayan ya bambanta a takardu biyu, kwantena za ta tsaya, kuɗin jinkiri kuma da dala ake lissafa shi kullum.

4.3 Sharaɗin Ciniki da Inshora

Ƙa'idojin Incoterms na 2020 su ke fayyace inda nauyin mai sayarwa ya ƙare. A sharaɗin FOB, nauyinsa yana ƙarewa da zarar kaya sun hau jirgi a Legas. A sharaɗin CIF, shi zai biya kuɗin jirgi da inshora har tashar mai saye, amma haɗarin lalacewa yana komawa kan mai saye tun daga lokacin lodi. 'Yan kasuwa da dama sukan faɗi farashi ba tare da sun ambaci sharaɗi ba, daga baya gardama ta tashi a kan wa zai biya me. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, wannan sakaci ya ƙara tsada, domin kuɗin jirgi da dala ake yanke shi, farashin dala a Wapa kuwa yana iya sauyawa tsakanin ranar ciniki da ranar lodi.

Game da inshora, akwai wata tsohuwar ƙa'idar teku da ya kamata a sani: in jirgi ya shiga haɗari aka sadaukar da wasu kaya ko aka kashe kuɗi don ceton saura, duk masu kaya a jirgin za su yi karo-karo su biya, har da wanda kayansa ba su taɓu ba. Wanda ba shi da inshora ba zai karɓi kayansa ba sai ya ajiye jingina. Masu ƙyamar inshora saboda dalilin addini suna da mafita a tsarin takaful, wanda kamfanoni masu lasisi ke gudanarwa a Najeriya.

5.0 Inda Kaya ke Lalacewa

5.1 Laima

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi ɓarna. A lokacin hunturu, laimar iska a Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. A Legas takan haura 80. Kukar da ta bushe ƙayau a Kano, in aka zuba ta a buhu ko leda mai huda, tana isa Legas za ta fara zuƙar ruwa daga iska. Da rana zafin cikin kwantena yana iya wuce digiri 50, sai ruwan da ke jikin kaya da kwali ya tashi. Da dare, ko in jirgi ya shiga ruwan Turai mai sanyi, sai tururin ya koma ruwa a rufin ƙarfe ya riƙa ɗiga a kan kaya. Kwali ya jiƙe ya rufta, gari ya dunƙule, fumfuna ta kama.

Maganin wannan tun a Kano ake yin sa. Hatsi da garinsa kada laimarsu ta wuce kashi 12 zuwa 13 cikin 100, gyaɗa da riɗi kuwa kashi 7 ko ƙasa da haka. Ba a tabbatar da wannan da cizon haƙori ko damƙar hannu, sai da na'urar awon laima. Sannan a rufe kayan cikin leda mai kauri wadda aka liƙe da zafi, a rataya buhunan shanye laima a bangon kwantena, a shimfiɗa takarda a ƙasa da sama. In za a ɗora kayan a kan katako, ƙa'idar ISPM 15 ta ce sai an kashe ƙwarin cikinsa, misali a gasa shi zafin cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, an kuma buga masa hatimi. Katako mara hatimi shi kaɗai ya isa a dawo da kwantena ko da abincin da ke kansa lafiya lau yake.

5.2 Maganin Ƙwari

A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya. Dalili shi ne sinadarin dikulobos, wanda muka fi sani da piya-piya. An samu miligiram 0.03 zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da aka yarda da ita 0.01 ce. An yi ta tsawaita hanin shekara da shekaru. Meziko ma, wadda ita ce babbar kasuwar zoɓonmu, ta taɓa rufe ƙofarta na wasu shekaru saboda ƙwarin da aka gano a cikin kaya, farashi ya faɗi, manoman Jigawa da Kano suka ji a jikinsu. Misalan biyu suna nuna tsaka mai wuyar da ɗan kasuwa ke ciki: in ya bar ƙwari a ƙi kayansa, in ya antaya magani a ƙi su.

Mafita tana nan. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da ko ɗigon magani ba. Inda ake buƙatar hayaƙin kashe ƙwari, ƙwararru masu lasisi ne za su yi, su ba da takarda. Jefa ƙwayar da ake kira bom a cikin buhu ba bisa awo ba ganganci ne da rayuwar mai ci, a gida ko a waje.

5.3 Gubar Fumfuna da Ƙwayoyin Cuta

Afulatoksin guba ce da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara da barkono da agushi. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, suya ba ta kawar da ita, kuma tana cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta. Tarayyar Turai ta iyakance ta a maikurogiram 4 cikin kilo na gyaɗar ci, Amurka kuma 20. Duk mai son fitar da ƙuli-ƙuli ko yajin tsire, da wannan awo zai fara karo. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don rage gubar tun daga tushe. Riɗin Najeriya kuwa yana cikin kayan da Turai ta tsananta wa bincike saboda ƙwayar cutar salmonela, wadda ke shiga ta shanya a ƙasa inda kaji da awaki ke yawo, da ta kashin ɓera da tsuntsu a sito. Shanya a kan tamfol ko gadon shanya, da toshe kafofin sito, sun fi kowace takarda amfani a nan.

5.4 Rubutun Jikin Mazubi

Kowace ƙasa tana so a rubuta sunan abinci, da abubuwan da aka haɗa shi da su, da nauyinsa, da ranar lalacewa, da lambar rukunin da aka sarrafa tare, da ƙasar asali, da adireshin wanda ya shigo da shi. Saudiyya tana so rubutun ya kasance da Larabci. Abin da ya fi kama 'yan kasuwarmu shi ne bayyana abubuwan da jikin wasu mutane ba ya karɓa. Tarayyar Turai ta lissafa irin waɗannan guda 14, gyaɗa da riɗi da waken soya suna ciki. A Amurka, riɗi ya zama na tara a jerinsu daga 1 ga Janairun 2023. Yajin da aka haɗa da ƙuli-ƙuli, ko daddawar waken soya, in ba a rubuta abin da ke ciki ɓaro-ɓaro ba, za a janye su daga kasuwa, domin akwai mutanen da ƙwayar gyaɗa ɗaya za ta iya kashewa. Haka nan rubuta cewa zoɓo yana warkar da hawan jini yakan sa a ɗauki kayan a matsayin maganin da ba shi da rajista.

Amurka ta ƙara da cewa duk wurin da ake sarrafa abincin da za a kai mata sai ya yi rajista da hukumar FDA, a sabunta rajistar duk shekara biyu, a kuma sanar da hukumar aƙalla awa 8 kafin jirgin ruwa ya iso.

5.5 Kilishi da Danginsa

Kilishi da dambun nama su ne abin da mazauna waje suka fi marmari, amma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Tarayyar Turai da Amurka suka amince su kai musu nama, saboda cututtukan dabbobi da tsarin mahauta. Kyan ƙunshi ba zai buɗe wannan ƙofa ba, aiki ne na gwamnati da likitocin dabbobi. Cusa ƙullin kilishi a ƙasan kwalin kuka yana iya jawo a ƙwace kwantenar baki ɗaya, har da kayan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

6.0 Tashar Tsandauri ta Dala

A ranar 30 ga Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, ƙaramar hukumar Kumbotso, bayan ta Kaduna da aka buɗe a 2018. Manufarta ita ce a duba kaya, a cike takardu, a rufe kwantena a Kano, ta wuce Apapa ko Tin Can ko Lekki a matsayin kayan da suka riga suka gama da kwastan. Ga mai ƙunsasshen abinci wannan ba ƙaramar riba ba ce. Za a yi lodi a busasshiyar iskar Kano, mai kaya yana tsaye, in an ga kuskure a gyara nan take. Sannan kwantenonin da suka kawo yadi da kayan masarufi Kwari da Singa, waɗanda da dama ke komawa kudu wayam, za su samu lodin komawa.

Sai dai amfanin tashar ya rataya a kan abubuwa biyu. Na farko shi ne layin dogo mai aiki. Sabon layin Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a 2021, a shekarar ce kuma aka ƙaddamar da aikin na Kaduna zuwa Kano. Matuƙar tirela ce ke ɗaukar kwantena, kuɗin mota da shingayen hanya za su ci gaba da cin ribar. Na biyu shi ne hukumomin Legas su girmama hatimin da aka buga a Kano. In za a sake farke kwantena a bakin teku, a bar kwalayen abinci a laimar Legas, to an yi aikin baban giwa.

7.0 Shawarwari

Na ɗaya, ƙungiyoyin 'yan kasuwar Singa da Sabon Gari su kafa ƙungiyar gama kai ta masu fitar da abinci, su yi mata rajista da NEPC, su gina gidan ƙunshi guda mai na'urar awon laima da injin tankaɗe da na liƙe leda da sikeli, wanda NAFDAC ta duba ta amince da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya fi ƙarfin mai kwali 200, mutum ashirin za su ɗauke shi cikin sauƙi.

Na biyu, kowane kwali ya ɗauki lambar da za ta nuna mai shi da inda aka sayo kayan, ta yadda in an samu matsala za a san tushenta, laifin mutum ɗaya kada ya shafi kowa.

Na uku, a gwada samfuri kafin a yi lodi, ba bayan kaya sun isa Legas ba. Jami'ar Bayero, musamman Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna, da ofishin cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI da ke Kano, suna da masana da za su horar da 'yan kasuwa su kuma taimaka da gwaji.

Na huɗu, NEPC da NAFDAC da NAQS da majalisar masu jigilar kaya ta Najeriya su fassara ƙa'idojinsu zuwa Hausa, su kai su cikin kasuwa da gidajen rediyo. Mata su ne ƙashin bayan sarrafa kuka da daddawa da yaji, dole horon ya isa gare su a unguwanninsu.

Na biyar, kada a yi lodi sai an samu mai saye mai lasisin shigo da abinci a ƙasarsa, an tura masa samfuri ta jirgin sama, ya duba rubutun mazubi ya amince a rubuce.

Na shida, hukumomin tashar Dala da ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta KACCIMA su tsayar da ranakun tashin kwantenar haɗaka ta abinci zalla, ko da sau ɗaya a wata, domin ƙaramin ɗan kasuwa ya san ranar da zai shirya wa.

8.0 Kammalawa

Takardar ta bi ƙunsasshen abinci daga sito a Fagge da Sabon Gari zuwa bakin teku, ta nuna cewa laima da maganin ƙwari da gubar fumfuna da kuskuren rubutu da saɓanin takardu su ne manyan dalilan asara, kuma dukansu a Kano ake iya magance su. Kuɗin jirgi da farashin dala da dokokin wasu ƙasashe ba a hannunmu suke ba. Yadda muke shanya da ajiya da ƙunshi kuwa a hannunmu yake. Tsabtar da Turai ke nema ita ce dai tsabtar da ta kamaci abincin da 'ya'yanmu ke ci a gida, don haka duk gyaran da aka yi saboda kasuwar waje, mutanen Kano ne za su fara amfana da shi. Muna kira ga shugabannin kasuwannin Singa da Sabon Gari, da gwamnatin Jihar Kano, da malaman jami'o'inmu, su zauna tare su fara da gidan ƙunshi guda da kwantena guda, su tabbatar ta isa lafiya an karɓe ta, sannan a ɗora a kai.